Me ya sa Nvidia ya bai wa Intel kuɗi amma ya hana shi aiki?

A ranar 18 ga Satumban 2025 kamfanin Nvidia ya sanar da cewa zai sayi hannun jarin dala biliyan 5 a kamfanin Intel, kuma kamfanonin biyu na Amurka za su haɗa kai wajen zayyana wasu sabbin kayayyaki. Kafin a tashi kasuwa a ranar, darajar hannun jarin Intel ta ƙaru da fiye da kashi 20 cikin 100.

Ga wanda ya san tarihin kamfanonin, lamarin ya yi kama da yaron shago ya dawo yana tallafa wa ubangidansa. Jaridar New York Times ta ruwaito cewa a 2005 shugaban Intel na lokacin, Paul Otellini, ya kawo shawarar a saye Nvidia ɗungurungum a kan kusan dala biliyan 20, amma daraktocin kamfanin ba su yarda ba. Bayan shekara 20, a watan Oktoban 2025, Nvidia ya zama kamfani na farko a duniya da darajarsa ta kai dala tiriliyan 5.

Sai dai akwai abin da babu shi a cikin yarjejeniyar, kuma shi ne Intel ya fi buƙata. Nvidia bai yi alƙawarin kai aikin ƙera kayansa masana'antun Intel ba. Shugabansa, Jensen Huang, ya ce suna ci gaba da duba fasahar Intel, ya tsaya a nan. Manyan kayan Nvidia za su ci gaba da fitowa daga inda suka saba fitowa, wato masana'antun kamfanin TSMC na Taiwan.

Wannan giɓi shi ne ke nuna inda ƙarfi yake a wannan kasuwa. A ido, gasar tsakanin masu suna ce: Intel da AMD a ƙwaƙwalwar kwamfuta, Nvidia da AMD a ƙwaƙwalwar sarrafa hoto, Apple da Qualcomm da MediaTek a waya. A zahiri kuwa kusan dukkansu layi ɗaya suke bi a ƙofar maƙeri ɗaya.

Mai zane daban, maƙeri daban

Ƙwaƙwalwar da ake magana a kai 'yar ƙwaya ce ta silikon, ta waya ba ta wuce girman farce ba. Akwai iri biyu da suka fi shahara. Ta farko ita ce CPU, wadda ke tafiyar da kwamfuta, tana ɗaukar ayyuka masu wuya ɗaya bayan ɗaya cikin sauri. Ta biyu ita ce GPU, wadda aka ƙirƙira domin zana hotunan wasannin bidiyo. Ita ƙananan lissafi take yi, amma dubbai a lokaci guda, kamar ma'aikatan gayya a gona.

A da, duk kamfanin da ya zana ƙwaƙwalwa shi ne ke ƙera abarsa. Wanda ya sauya tsarin shi ne Morris Chang, injiniyan da ya yi shekara 25 a kamfanin Texas Instruments na Amurka kafin ya koma Taiwan ya kafa TSMC a 1987. Dabararsa ita ce kamfaninsa ba zai zana komai da sunansa ba, aikin wasu kawai zai riƙa karɓa. Tunda ba ya gasa da masu kawo masa aiki, ba sa tsoron ba shi sirrinsu.

Wannan ne ya buɗe ƙofa ga irin su Nvidia, wanda aka kafa a 1993 kuma har yau ba shi da masana'antar ƙera ƙwaƙwalwa ko ɗaya. Apple ma haka. A yanzu TSMC na riƙe da kusan kashi biyu bisa uku na kasuwar ƙera wa wasu, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na ƙwaƙwalen da suka fi ci gaba a duniya daga hannunsa suke fitowa.

Inda wahalar take

Ana fara aikin ne da faifan silikon mai faɗin santimita 30, mai sulɓi kamar madubi. A kansa ake buga hoton zanen da haske, a zuba sinadarai, a kankare, a sake shimfiɗa wani hawa, a sake bugawa. Matakan sun kai ɗaruruwa, a wasu lokutan fiye da dubu, kuma faifai kan yi kusan wata uku yana zagaye a masana'anta kafin a yanka shi ƙwaya-ƙwaya.

Abin da ake ginawa a kai ƙananan makunnai ne da ake kira taransista. Ƙwaƙwalwar M1 da Apple ya fitar a 2020 tana ɗauke da biliyan 16. H100 ta Nvidia tana da biliyan 80. Ana auna sassansu da nanomita, alhali kaurin silin gashin mutum ya kai nanomita dubu 80 zuwa dubu 100. Ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta kashe ƙwaya guda.

Saboda haka babu faifan da ke fitowa lafiya lau gaba ɗaya. Kamar mai tuyar waina ce da tandarta: a kowane zubi akwai wadda za ta ƙone ko ta ƙi tashi. Abin da ke raba maƙeri da maƙeri shi ne yawan masu kyau da yake samu a kowane faifai, abin da za a iya kira aukin faifan.

A ɗauki misali. Faifai ya ɗauki ƙwaya 100. Wani kamfani yana samun 80 masu aiki, wani kuma 40. Kuɗin da suka kashe a kan faifan kusan ɗaya ne, wuta ɗaya, ruwa ɗaya, ma'aikata ɗaya. Ke nan kowace ƙwaya ta na biyun ta ninka ta na farkon tsada, kuma ba zai iya cika alƙawarin da ya ɗaukar wa masu saye ba. Idan ƙwayar babba ce abin ya fi muni. H100 ta kai girman da faifai ɗaya ba ya ɗaukar fiye da 60 da 'yan kai, kuma gwargwadon faɗin ƙwaya gwargwadon yiwuwar aibi ya faɗa a cikinta.

Ba a sayen auki da kuɗi kawai. Ana samun sa ne ta hanyar yin aiki da yawa, a ga inda aka yi kuskure, a gyara, a sake. Wanda ya fi samun aiki shi ne ya fi saurin koyo, wanda ya fi koyo kuma shi ake ƙara kai wa aiki. TSMC ya shiga wannan da'ira tun lokacin da ya fara ƙera wa Apple ƙwaƙwalwar iPhone a 2014, kuma miliyoyin wayoyin da ake sayarwa kowace shekara sun zame masa makaranta.

Sai kuma maganar na'ura. Buga zane mafi ƙanƙanta yana buƙatar wani haske na musamman da ake kira EUV, mai tsawon zango nanomita 13.5. Kamfani ɗaya tak ne a duniya ke ƙera na'urar da ke samar da shi: ASML, a garin Veldhoven na ƙasar Holan. A cikin na'urar ana harbin ɗigon narkakkiyar kuza da hasken leza sau dubu 50 a kowace daƙiƙa, hasken da ya fito kuma a juya shi da madubai da kamfanin Zeiss na Jamus ke gogewa. Kowace na'ura ta haura dala miliyan 150, sabon samfurin kuma ya doshi miliyan 400. Masana'anta ɗaya ta zamani kan ci dala biliyan 20 ko fiye. A 2025 kaɗai TSMC ya kashe kusan dala biliyan 40 a kan gine-gine da kayan aiki.

Wannan tsada ce ta riƙa korar 'yan wasa daga fili ɗaya bayan ɗaya, har aka wayi gari uku suka rage a sahun gaba: TSMC, Samsung na Koriya ta Kudu, da Intel.

Yadda Intel ya yi tuntuɓe

Intel ba baƙo ba ne a wannan sana'a. An kafa shi a 1968, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Gordon Moore, shi ne ya yi hasashen nan da ya shahara cewa yawan taransista a ƙwaya zai riƙa ninkawa kusan duk bayan shekara biyu. Shekaru da dama masana'antun Intel ne ke tabbatar da wannan hasashe, sauran na biye.

Kuskuren farko na ciniki ne. Otellini da kansa ya faɗa a 2013 cewa an yi maganar Intel ya samar da ƙwaƙwalwar iPhone ta farko, amma ba su daidaita da Apple a kan farashi ba, kuma babu wanda ya hango yawan wayoyin da za a sayar. Kasuwar waya ta tafi wurin fasahar kamfanin Arm na Birtaniya, aikin ƙira kuma ya tafi Asiya.

Kuskure na biyu a cikin masana'anta aka yi shi, kuma shi ne ya fi yi masa illa. A matakin da ya kira nanomita 10, Intel ya so ya cusa taransista ninki 2.7 na matakin baya a tashi ɗaya, kuma ba tare da na'urar EUV ba, domin a lokacin ba ta gama nuna ba. Aukin ya ƙi zuwa. Abin da aka tsara fitarwa a wajen 2016 bai fito da yawa ba sai 2019. A watan Yulin 2020 kamfanin ya sake sanar da cewa mataki na gaba ma zai yi jinkiri.

Abin takaicin shi ne Intel na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin EUV. A 2012 ya zuba kusan dala biliyan 4 a ASML domin a hanzarta aikin. Amma TSMC ne ya riga shi cin moriyarta a 2019, shi kuwa sai 2023 ya fitar da kayan da aka ƙera da ita.

Ya kamata mai sayen waya ko kwamfuta ya san cewa waɗannan lambobi, nanomita 7 ko 5 ko 3, sun daɗe da daina zama awon wani abu na zahiri a jikin ƙwayar. Sunayen talla ne na kowane mataki. A 2021 Intel ya sauya wa nasa suna rana ɗaya, nanomita 10 da aka inganta ta koma "Intel 7", domin lambobinsa su yi daidai da na abokan hamayya.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2020 Apple ya daina dogaro da Intel a kwamfutocin Mac, ya koma zana tasa ƙwaƙwalwar, TSMC na ƙera masa. Amma wanda ya fi cin ribar tsagewar shi ne AMD.

Ana danganta wa wanda ya kafa AMD, Jerry Sanders, maganar cewa mazan ƙwarai su ne masu masana'antar kansu. A 2009 kamfanin ya haɗiye wannan alfahari, ya ware masana'antunsa suka zama GlobalFoundries da kuɗin Abu Dhabi. A 2015 hannun jarinsa ya faɗi ƙasa da dala 2, ana ta maganar durƙushewa. Lisa Su, wadda ta karɓi shugabanci a 2014, ta fitar da Ryzen a 2017. Da GlobalFoundries ya sanar a 2018 cewa ya haƙura da tseren nanomita 7, sai ta kwashi aikin ta kai TSMC.

Ta kuma yi wata dabara da ta shafi auki kai tsaye. Maimakon ƙwaya ɗaya babba, AMD ya riƙa ƙera ƙanana ya haɗa su wuri guda, ta yadda idan aibi ya faɗa, ƙaramin yanki kawai za a zubar. A 2022 darajar AMD a kasuwa ta wuce ta Intel, abin da shekara goma kafin nan zai zama abin dariya.

Pat Gelsinger, tsohon injiniyan Intel, ya dawo a 2021 da alƙawarin tsallake matakai biyar cikin shekara huɗu, da kuma buɗe masana'antun kamfanin ga masu kawo aiki daga waje. Ya fara gine-gine a Arizona da Ohio, ya yi shirin wani a Magdeburg ta Jamus. Kuɗi suka riƙa fita, masu kawo aiki ba su zo ba. A 2024 Intel ya yi asarar dala biliyan 18.8, ya sanar da sallamar ma'aikata kusan dubu 15, ya kuma sha kunyar matsalar da ta sa wasu manyan ƙwaƙwalensa na zubi na 13 da na 14 ke lalacewa a hannun masu saye, har sai da ya ƙara wa'adin garanti da shekara biyu. A watan Nuwamba aka cire shi daga jerin kamfanoni 30 na Dow Jones aka sa Nvidia a gurbinsa. A watan Disamba Gelsinger ya sauka.

Wani abu da ya fi duk waɗannan bayyana halin da ake ciki: ƙwaƙwalwar Lunar Lake da Intel ya fitar a 2024 domin kwamfutocin tafi-da-gidanka, TSMC ne ya ƙera manyan sassanta. Maƙeri ya kai nasa aikin maƙerar maƙwabci.

Nvidia ma yana da inda yake jira

Nasarar Nvidia ba sa'a kaɗai ba ce. Tun wajen 2006 ya fara gina CUDA, manhajar da ke bai wa masu bincike damar amfani da GPU wajen lissafin da bai shafi hoto ba. A 2012 wasu masu bincike a Jami'ar Toronto suka horar da manhajar gane hotuna da katin wasan bidiyo na Nvidia guda biyu, suka yi wa abokan gasarsu fintinkau. Da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, duk mai son shiga harkar ƙirƙirarriyar basira sai ya tarar da kayan aikin da injiniyoyinsa suka iya na Nvidia ne.

Alƙaluman sun nuna yadda kamfanin ya sauya kama. A shekarar kuɗinsa da ta ƙare a Janairun 2025 ya yi cinikin dala biliyan 130.5. Daga ciki biliyan 115 daga manyan cibiyoyin sarrafa bayanai suka fito, wasannin bidiyo kuwa, sana'ar da aka san shi da ita, ba su wuce biliyan 11 da ɗoriya ba. Masu wasa sun ji a jikinsu: babban katin RTX 5090 ya fito a farkon 2025 a kan dala 1,999, kuma samunsa a wannan farashi ya yi wuya.

Duk da haka, abin da ke iyakance cinikin Nvidia a shekarun nan ba ƙarancin masu saye ba ne. A 2023 da 2024 cikas ɗin ya kasance a matakin ƙarshe, inda TSMC ke ɗora ƙwayar GPU tare da tarin ma'adanar bayanai a kan shimfiɗa ɗaya, fasahar da yake kira CoWoS. Ana iya samun ƙwaya a ƙasa, amma babu gurbin haɗa ta. Ita ma'adanar, wadda ake kira HBM, kamfanoni uku ne kawai ke yin ta: SK Hynix da Samsung na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka.

Kuma ko gwani yana kuskure. Samfurin Blackwell, mai taransista biliyan 208 a ƙwaya biyu da aka manne, ya yi jinkiri a 2024 saboda wani aibi a zanensa da ya rage auki. Huang ya fito ya ce laifin na Nvidia ne ɗari bisa ɗari, ya kuma yaba wa TSMC da ya taimaka aka gyara. Ba kasafai shugaban kamfani ke wanke mai yi masa aiki haka a bainar jama'a ba, sai idan ya san ba shi da wani wurin zuwa.

Masu neman rage ƙarfin Nvidia suna da yawa. AMD ya ƙulla babbar yarjejeniya da OpenAI a Oktoban 2025. Google na da tasa ƙwaƙwalwar mai suna TPU, Amazon na da Trainium. Intel ya sayi kamfanin Habana na Isra'ila a kan dala biliyan 2 a 2019, amma kayan da suka fito ba su yi kasuwa ba. Waɗanda suka yi kasuwa kuwa, duka a TSMC ake ƙera su. Duk wanda ya ci gasar, maƙerin bai yi asara ba. Lisa Su da Jensen Huang ma, waɗanda ke fafatawa a wannan fage, dangin juna ne kuma dukansu a Taiwan aka haife su.

Samsung ne ya kamata ya zama mafita ta biyu, sai dai shi ma auki ya ba shi matsala. Nvidia ya kai masa aikin katunan RTX 30 a 2020, ya koma TSMC a zubi na gaba. Qualcomm ya yi irin wannan ƙaura a 2022, Google ma ya bi sahu da ƙwaƙwalwar wayoyin Pixel a 2025. Kwangilar dala biliyan 16.5 da Tesla ya ba shi a Yulin 2025 ita ce babbar damar da ya samu ta farfaɗowa.

Tsibiri ɗaya, da siyasa

Taiwan tsibiri ne mai mutum kusan miliyan 23, wanda Chaina ke cewa yankinta ne kuma ba ta kawar da yiwuwar amfani da ƙarfi a kansa ba. Yana kuma kan layin girgizar ƙasa. Wadda aka yi a ranar 3 ga Afrilun 2024 ta sa an kwashe ma'aikata daga wasu masana'antu na ɗan lokaci. A farin 2021 sai da TSMC ya riƙa sayen ruwa a tankoki, domin aikin yana shan ruwa ƙwarai.

Wannan ne ya sa Amurka ta kafa dokar CHIPS a 2022, ta ware fiye da dala biliyan 52 domin dawo da ƙira gida. TSMC ya gina masana'anta a Arizona, ya jinkirta buɗe ta a 2023 yana kukan ƙarancin ƙwararrun ma'aikata, daga baya ta fara aiki. A Maris na 2025 ya ƙara alƙawarin jarinsa a Amurka zuwa dala biliyan 165. Ya buɗe wata a Kumamoto ta Japan, yana gina wata a Dresden ta Jamus. Amma mataki mafi sabunta a Taiwan yake fara fitowa, kuma mutanen tsibirin da dama na ganin hakan a matsayin garkuwa: muddin duniya na buƙatar masana'antunsu, ba za ta zuba ido a mamaye su ba.

A ɗaya ɓangaren, tun Oktoban 2022 Amurka ta hana sayar wa Chaina manyan ƙwaƙwalen ƙirƙirarriyar basira, Holan kuma ba ta taɓa barin ASML ya kai mata na'urar EUV ba. Nvidia ya riƙa rage ƙarfin kayansa domin su tsallake dokar, gwamnati na sake matse ta. A Afrilun 2025 aka taka wa samfurin H20 birki, abin da ya jawo wa kamfanin asarar dala biliyan 4.5. Daga baya gwamnatin Donald Trump ta sassauta bisa sharaɗin a ba ta wani kaso na cinikin, sai kuma hukumomin Chaina suka fara jan kunnen kamfanoninsu su koma kayan gida.

Takunkumin ya rage wa Chaina gudu, bai tsayar da ita ba. A Agustan 2023 Huawei ya fitar da wayar Mate 60 Pro da ƙwaƙwalwar nanomita 7 da kamfanin SMIC ya ƙera ba tare da EUV ba, ta hanyar maimaita bugu da tsofaffin na'urori. Hanya ce mai tsada mai ƙarancin auki, irin wadda ta wahalar da Intel. Bambancin shi ne a Chaina gwamnati na shirye ta ɗauki asarar.

Amurka ma ta kama wannan hanya. A farkon Agustan 2025 Trump ya nemi sabon shugaban Intel, Lip-Bu Tan, ya yi murabus saboda alaƙarsa da kamfanonin Chaina. Bayan mako biyu, gwamnati ta mayar da tallafin dala biliyan 8.9 zuwa hannun jari, ta mallaki kusan kashi 10 cikin 100 na kamfanin. Kuɗin Nvidia bayan wannan suka zo, kuma da wuya a raba su da son faranta wa Fadar White House, wadda ke riƙe da lasisin cinikin Nvidia a Chaina.

Abin da ya shafi mai waya a hannu

Wayoyin Tecno da Infinix da Itel, waɗanda kamfanin Transsion ke yi kuma suka mamaye kusan rabin kasuwar Afirka, yawancinsu da ƙwaƙwalwar MediaTek ta Taiwan ko Unisoc ta Chaina suke aiki. Ba sa buƙatar mataki mafi sabunta, don haka rigimar nanomita 2 ba ta taɓa su kai tsaye.

Inda abin ke biyowa shi ne ta ma'adanar bayanai. Kamfanoni ukun da ke yin HBM su ne kuma ke samar da fiye da kashi 90 cikin 100 na RAM ɗin waya da kwamfuta. Micron ya ce HBM na cin faifai kusan ninki uku na RAM ta yau da kullum kafin a samu adadi ɗaya. Da suka karkata masana'antunsu zuwa inda riba ta fi, farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2025. A watan Disamba Micron ya sanar da rufe Crucial, sashensa da ke sayar wa ɗaiɗaikun mutane, domin ya fuskanci manyan cibiyoyi.

Waya mai tsada tana da ribar da za ta iya shanye irin wannan ƙari. Mai araha ba ta da ita. Abin da kamfani zai yi shi ne ya ƙara kuɗi, ko ya rage RAM ya bar farashi yadda yake. Mai saye a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja zai kyauta wa kansa idan ya duba adadin RAM da ma'adanar sabon samfuri ya gwada da na bara, kada ya tsaya a kan suna da kyamara.

Jarrabawar da ta rage

Intel ya fara fitar da ƙwaƙwalwar Panther Lake a kan sabon matakinsa na 18A, wanda ake ƙerawa a Arizona, kuma shi ne kamfanin da ya fara karɓar sabon samfurin na'urar ASML. Idan aukin 18A ya yi kyau, zai iya dawo da aikin da ya kai TSMC gida, ya rage asara.

Amma kayan Intel kaɗai ba za su iya biyan kuɗin mataki na gaba ba, kuma kamfanin ya faɗi haka da bakinsa. A takardun da ya miƙa wa hukumar kula da hannayen jari ta Amurka a Yulin 2025, watan da ya soke aikin Jamus, ya yi gargaɗin cewa idan bai samu babban mai kawo aiki daga waje ba, zai iya dakatarwa ko ya haƙura da matakin 14A da waɗanda ke bayansa.

Matsalar ita ce wadda Morris Chang ya hango tun 1987. Kamfanonin da ke da aikin da zai cika masana'antar Intel, wato Apple da AMD da Nvidia da Qualcomm, kowannensu yana gasa da Intel a wata kasuwa. Kuma duk wanda ya fara kwashe aikinsa daga TSMC yana kasadar rasa gurbinsa a layi, a lokacin da gurbin ya fi komai tsada. Kafin ɗayansu ya sa hannu, sai ya ga alƙaluman auki na watanni a jere, ya kuma tabbata zanensa ba zai tsallaka zuwa sashen Intel da ke hamayya da shi ba.